Dundumin Bulus da Hoton Cikin Idona

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labari, ina fakewa da aiki. Ƙarya nake yi. Matar da ta shekara goma sha tara tana buga wa gwamnati wasiƙu a tafireta ba za ta rasa awa biyu ta buga tata ba. Nauyin Mama nake ji. Yanzu ta ba ni izini da bakinta, to ga shi. Duk gidan da ke da mai dundumi ku karanta, ku miƙa wa maƙwabta, don in kunne ya ji jiki ya tsira.

Sunana Saratu, amma a Badarawa Maman Bulus ake kirana. Mu uku ne wurin iyayenmu: Yaya Ishaku, ni, sai autarmu Ladi. Babanmu tun yana saurayi yake da dundumi, rana na faɗuwa sai laluben bango. A hankali ganin rana ma ya dinga tsukewa, har ya zama kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Kafin shi da Mama su koma Katabu da zama, idon ya tafi gaba ɗaya. An ce kakansa ma haka ya yi. Daga nan dangi suka yanke hukunci ba da likita ba: ciwon mazan gidanmu ne, kuma tsallake yake yi, daga kaka sai jika. Yaya Ishaku idonsa garau, har allura yake zura wa Mama zare, saboda haka 'ya'yansa ne za su kwashe. Mu mata ba a ko sa mu a lissafi, wai ɗan mace na gidan wasu ne.

Wannan magana ta ci Yaya. Sau biyu yana neman aure, sau biyu ana yin bincike a ce a yi haƙuri. Ya kai shekara talatin da takwas yana koyarwa a wata firamare a Hayin Banki, yana renon 'ya'yan mutane, shi ba mata ba ɗa. Akwai wata malama a makarantarsu, Rahila, shekara huɗu tana jiransa ya buɗe baki. Ta san labarin, ta ce ta ji ta gani. Shi ne ya kasa.

A wannan hali ciwon ɗana ya bayyana, farkon damina, yana da shekara tara. Sau biyu a mako ɗaya ya yi ƙwallo da tukunyar miya a tsakar gida da magariba. Na farko na yi masa faɗa. Na biyu na zane shi, Allah ya yafe mini. A rana ta uku aka ɗauke wuta ana shirin cin tuwo, ƙanwarsa Hannatu tana ta tsalle-tsallenta, sai na ji ya ce, "Mama, ina kike?" Taku uku ne tsakaninmu. Na juya na ga ya miƙa hannu gaba, yatsu a buɗe. Na san wannan hannun, a gabansa na girma. Na ajiye ludayi na zauna a ƙasa.

Kashegari na faɗa wa maigidana, Danjuma, kafin ya tafi shagonsa na gyaran rediyo a Kawo. Shi mutum ne mai sanyi, ni ce wutar gidan. Ya ce mu bi a hankali. Mama da ta ji, ta ce kada in kuskura in ambaci Baba, rashin abinci mai kyau ne kawai, in ba shi hanta.

Kai, mun ga hanta! Maƙwabciyata Hajiya Asabe, mijinta mahauci ne, kullum da hantsi sai ta aiko da gasasshiya a ganye, ba ta taɓa karɓar ko sisi ba. Har gobe ina yi mata addu'a. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a, kowace ta bar shawararta kafin ta fita: wannan manja, wannan karas, wannan man kifi na kemis. Wata ta ce in ɗiga masa zuma, wata ta ce tozali. Zumar na gwada sau ɗaya, yaro ya yi ihun da ya tara mana jama'a, ban sake ba. Mako huɗu muna haka, har Bulus in ya ji ƙanshin hanta sai ya yi amai. Ya yi ƙiba, kumatu sun fito, amma magariba na yi sai ya nemi bango.

Cikin mako na uku Yaya Ishaku ya zo duba shi. Ya zauna har rana ta faɗi don ya gani da idonsa, ya kuwa gani. Da na raka shi bakin titi ya ce, "Saratu, kin ga abin da nake gudu? In har ya kama jika ta wurin mace, ina ga ta wurin namiji?" A makon nan ya je ya ce wa Rahila ta nemi wani. Ita kuwa ta zo ofishinmu da kanta, idanu sun kumbura, ta ce mini iyayenta sun gaji, ita ma ta gaji. In aka yi hutun ƙarshen zango bai canja magana ba, za ta nemi a mai da ita garinsu, akwai wanda ya daɗe yana nemanta a can. Saura mako tara a yi hutun.

A mako na biyar na ce hanta ta isa haka, na ɗauki yaro sai asibitin ido. Wanda bai taɓa bin layin nan ba kada ya ce ya san haƙuri. Ka zo da sassafe ka tarar da mutane daga Zariya, daga Birnin Gwari, har daga Nijar, tsofaffi riƙe da sanda, kowa da ɗan jagoransa. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban. Ranar farko ba mu ga kowa ba sai mai yanka kati. Rana ta biyu wani saurayi ya sa Bulus ya karanta harufa a bango, ya karanta tsaf, sai ya ce mini yaro lafiyarsa ƙalau. Na ce, "Malam, yanzu ƙarfe sha ɗaya na rana. Ka biyo mu gida da magariba ka ga lafiyar." Ya ce ina da baki. Na ce ina da shi, kuma ba zan tashi daga bencin nan ba sai babban likita ya gan shi. Bakin nawa ne ya sa aka rubuta mana ranar dawowa.

Babban likitan dattijo ne, Bazazzagi, mai magana a hankali. Aka ɗiga wa Bulus magani, muka jira, sannan ya haska cikin idonsa ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a dangi. Na tuna gargaɗin Mama, na haɗiye shi, na faɗi komai. Sai ya ɗaga yaro daga kujera ya ce, "Maman Bulus, zauna nan."

Na ce, "Ni? Likita, ni fa idona ƙalau. Da shi nake cin abinci."

Ya yi murmushi ya ce ya sani. Ya ce wannan ciwo iri-iri ne. Akwai wanda uba kan ba ɗa kai tsaye, akwai wanda ke bi ta wurin mata ba tare da ya taɓa ganinsu ba, amma yakan bar sawunsa a can cikin idonsu, a bangon baya inda gani ke sauka. Ya leƙa nawa ya ce yana ganin alama, sai dai ba zai yanke magana a kan dangi guda da leƙe ba. Yana so a ɗauki hoton jijiyoyin jinin da ke cikin idona. Na tambaye shi kai tsaye, "In irin na mata ne, yayana fa?" Ya ce, "Bari hoto ya fito, sannan ki tambaye ni." Na fito raina a ɓace, don ni yaro na kawo, ga shi an mai da ni majinyaciya.

Nan muka shiga wani sabon jira. Na'urar hoton guda ɗaya ce, kuma rana ɗaya a mako ake ɗauka. Makon farko aka ce fim ya ƙare. Mako na biyu fim ya zo, ruwan allurar ne babu, sai da Danjuma ya zaga kemis-kemis na cikin gari ya samo, da tsadar da ta sa muka fasa ɗinkin Kirsimeti tun daga lokacin. Mako na uku ina zaune an riga an ɗiga mini magani, wuta ta ɗauke, injin asibiti kuma ba mai. Ranar na yi masifa har wata nas ta ce in ji tsoron Allah. Na ce ina jin tsoronsa, shi ya sa ban fasa komai ba. Shugabana a ofis ya fara tambaya ko asibitin ne ke biyana albashi. Duk wannan ban ce wa Yaya komai ba, don ba na so in ɗaga masa rai a kan abin da ban tabbatar ba. Kwanaki kuwa suna ta tafiya.

A mako na huɗu aka ɗauka. Bari in faɗa muku yadda yake, don ni ba wanda ya gaya mini. Za a ɗiga maka magani har baƙin idonka ya buɗe. Ka ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ka jingina goshi. Nas ta soka allura a hannu ta tura wani ruwa mai launin ɗorawa, shi ne zai bi jini ya haska jijiyoyin. Nan take zuciyata ta tashi kamar zan yi amai, nas ta ce in ja numfashi, zai wuce, ya kuwa wuce. Sai walƙiya, fau, fau, fau, a cikin ido, mai ɗauka yana ta cewa kar in ƙifta. Haba, wa zai iya? Hawaye har wuya. Bai fi minti goma ba aka ce in tashi.

Da na fito waje tsakar rana, hasken ya buge ni, ban ga komai ba sai fari fat. Na tsaya cik, na miƙa hannu. Bulus ya kama ni ya ce, "Mama, taho, akwai kwata a gabanki, ɗaga ƙafa." Shi da rana ganinsa ras. Haka ya ja ni har tashar bas, yana ta jin daɗi yau shi ne babba. Ni kuwa ina tafe ina tuna dukan da na yi masa a kan tukunyar miya, kunya ta ishe ni.

A gida Danjuma ya dube ni ya zabura, wai na kamu da shawara, don fatata ta koma ɗorawa. Fitsari kuwa kada ku tambaya. Ya ɗauko takalmi zai mai da ni asibiti, ina dariya ina riƙe shi. Kafin jibi komai ya washe. Kada wannan ya tsorata kowa.

Bayan mako guda na koma ni kaɗai. Likita ya jera hotuna baƙi da fari a kan gilashi mai haske. Ya fara nuna mini na wani mai lafiya: jijiyoyi fari tas kamar saiwar bishiya, bayansu sumul. Sannan nawa. Jijiyoyin suna nan daram, amma bayansu duk ɗigo-ɗigo ne, kamar an barbaɗa gero a faranti. Ya ce, "Wannan shi ne sawun. Kina ɗauke da shi, bai cuce ki ba, kuma da wuya ya cuce ki." Ya ɗauki takarda ya zana mu, mata da'ira, maza akwati. Sai ya tambaye ni, "Kakan nan na babanku, na wajen uwa ne ko na wajen uba?"

Shekara talatin da biyar ina jin labarin kakan Baba, ban taɓa jin wani ya yi wannan tambayar ba. Mu dai mun ɗauka jini ta uba yake bi, shi ke nan.

Ya ce in je in tambaya, amma ya san amsar. Kalmominsa na gaba na haddace su kamar ayar Littafi: "Irin wannan, uba ba ya ba ɗansa namiji, ko kaɗan. 'Ya'yansa mata yake ba, dukansu. Su kuma ɗansu namiji, ko ya samu ko ya tsira." Na ce, "Yayana fa?" Ya ce, "Yayanki ba shi da shi, ba shi da abin da zai ba kowa. Ko goma ya haifa." Na ce ƙanwata fa? Ya ce kamar ni take. Hannatu kuma sai ta girma a duba ta.

Game da Bulus bai ɓoye mini ba. Ya ce babu magani, hanta ba ta da laifi amma ba ruwanta da wannan. Ganin zai daɗe, shekaru masu yawa, sai dai zai riƙa tsukewa. Kada a cire shi daga makaranta, a saya masa tocila mai kyau, a koya masa abin da hannu zai iya ba sai da ido ba. Na yi kukana a bayan ɗakin shan magani, na wanke fuska na hau bas. Kafin mu kai Kawo na riga na san abin da zan koya masa, don ni ma ba na kallon yatsuna in ina bugu.

Danjuma na fara gaya wa. Na shirya wa kowace irin magana, har da ta uwarsa. Ya juya sukudireba a hannu, sannan ya ce, "To, ai ba a kasuwa kika sayo shi ba. Me za mu ci yau?" Allah ya saka wa mutumin nan.

Mama ce ta ba ni wuya. Na same ta a Katabu tana tsince wake, na yi mata bayani a bayan ɗaki. Ta kama hannuna ta ce, "Saratu, ki rufa mana asiri. Ishaku namiji ne, ya saba. Ladi fa? An kusa kawo kayanta. Hannatu fa? In maganar nan ta fita, wa zai taka gidan nan neman aure?"

Na ce, "Mama, ya saba? Mutum yana saba wa kaɗaici ne? Saura kwana goma Rahila ta tafi."

Ta ce, "Ki bari a yi bikin Ladi tukuna."

Na ce, "Sannan ta haifi namiji ya soma laluben bango, mijinta ya ji mun sani muka yi shiru? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Mama."

Ta ce ba ni da tausayi, tun ina yarinya haka nake. Ya yi mini zafi, don ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Ladi kuwa da na gaya mata, ta zage ni tas, ta ce na je na tono abin da ba a aike ni ba. Na bar ta ta gama. Na ce mata ran Lahadi zan faɗa a gaban kowa, ba na so ta fara ji a can ne.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci muka taru a gindin mangwaron gidan. Na fara da tambayar Baba kakansa na wane ɓangare ne. Ya ce, "Baban innata ne mana. Me ya faru?" Na fito da hoton da takardar likita, na faɗi komai daga farko har ƙarshe. Mama ta juya mana baya. Yaya Ishaku ya karɓi hoton yana ta kallo, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

Baba ne ya yi magana. Ya ce, "Ishaku, matso." Ya lalubo kafaɗarsa ya riƙe. "Ashe ban ba ka komai ba. Shekara nawa ina kwana da kai a raina. Tashi ka je ka nemi yarinyar nan." Sai ya juyo inda yake jin numfashina, ya ce, "Saratu, ke da Ladi kuma, ku ya..."

Na katse shi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, kada ka soma. Kai ma ba ka roƙa ba aka ba ka. An gama neman gafara a gidan nan a kan abin da ba laifin kowa ba."

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Saurayin Ladi da ya ji, ya ce zai yi shawara da iyayensa, har yau yana shawarar. Wata bakwai Ladi ba ta gaishe ni ba. Daga baya ta auri wani ma'aikacin gidan waya wanda ta gaya wa komai tun ranar da ya fara zuwa zance, 'ya'yansu biyu mata. Uwar mijina ta yi maganganu, na ji wasu, na mayar da wasu. Bulus yana sakandare yanzu, tocila a aljihu, kuma a tafireta ya fi ni sauri, ko da yake ba na faɗa a gabansa. Shawarata ga masu dundumi a gida ita ce, kada ku kai yaro shi kaɗai. Uwa ta zauna a kujerar ita ma, a tambayi tsofaffi tun suna da rai wane ne ya haifi wane, kuma a faɗa wa 'yan mata gaskiya tun kafin wani ya faɗa musu.

Yaya Ishaku ya sami Rahila ta riga ta ɗaure kayanta, saura kwana uku a yi hutu. Ta wahalar da shi yadda ya kamata, sannan ta kwance kayan. Aka yi biki bayan Ista.

Shekara guda da 'yan watanni bayan bikin, wata Talata da hantsi, ina cikin buga wasiƙa sai na ga mutum tsaye a ƙofar ofis, riga a karkace, ko takalmin ƙafarsa ba iri ɗaya ba ne. Ya ce, "Saratu, ta sauka. Namiji."

Na tashi zan yi guɗa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Tsaya. Sake faɗa mini abin da likitan nan ya ce."

Na faɗa masa, kalma bayan kalma.

Ya ce, "Sake."

Na sake. Sai Yayana, mai shekara arba'in, malamin da yara ke tsoro, ya zauna a ƙasan simintin ofishin gwamnati ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka kamar yaro. Shugabana ya leƙo zai yi magana, na ce masa, "Ranka ya daɗe, wasiƙar nan sai gobe."